Gwajin maleriya bai nuna komai ba, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka: ko dengi ne?

"Likita, ina yi maka sallama. Ni malamar makaranta ce a Sakkwato. Bayan damina ɗana mai shekara 14 ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai har cikin ido, ga ciwon gaɓoɓi kamar wanda aka lakaɗa wa duka. Sau biyu ana gwajin maleriya bai nuna komai ba, duk da haka aka ba shi maganinta, daga baya kuma aka ce taifod ce. Sai da ya kwana takwas ya tashi, da wasu jajayen ƙuraje a ƙirjinsa. Yara biyu a maƙwabta ma haka suka yi. Yanzu ina jin ana maganar wani zazzaɓi wai shi dengi da sauro ke kawowa. To mu da ba ma kwana sai a gidan sauro, ta ina ya same mu? Sabuwar cuta ce? Idan kuma ta ɓarke da gaske, an shirya mata kuwa?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya sa kaffara ne. Abu uku kika tambaya, wato yadda cuta ta tsallake gidan sauro, da asalinta, da batun shiri. Zan ɗan juya tsarin, in fara da abin da ya fi damuna a labarinki: an gwada maleriya sau biyu ba a gani ba, kuma aka ci gaba da maganinta.

Likita ba ya yanke hukunci a kan majinyacin da bai gani ba, don haka ba zan ce miki tabbas dengi ɗanki ya yi ba. Sai dai abin da kika lissafa, zazzaɓin da ya faɗo lokaci guda, ciwo a bayan ido, ciwon jiki mai tsanani, ƙuraje a ƙarshe, yara uku a layi ɗaya a ƙarshen damina, duk ɗalibin likitan da aka karanta wa wannan a jarrabawa bai ambaci dengi ba, ya faɗi. Matsalarmu ita ce a ɗakin duba marasa lafiya sunan zazzaɓi biyu kawai muka riƙe. In ba maleriya ba ce, to taifod ce. Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifod ce kuwa yakan nuna alama a jinin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya a ƙasashenmu, saboda haka duk wanda ya neme ta da shi zai "same" ta. Ni ma a shekarun farko na aikina haka na riƙa yi, ba na cire kaina. Majinyaci ya warke da kansa bayan mako guda, mu ce maganinmu ne ya yi aiki.

Ba baƙuwa ba ce

Tun a shekarun 1960 masu bincike a Ibadan suka ware ƙwayar cutar dengi daga jinin masu zazzaɓi. Ke nan ta girmi yawancin likitocin da ke aiki yau. Sauron da ke ɗaukarta ma, wanda masana ke kira Aedes aegypti, ɗan asalin Afirka ne, daga nan jiragen ruwa suka kwashe shi zuwa nahiyar Amurka a zamanin cinikin bayi. Shi ne dai mai yaɗa cutar shawara a cikin gari, shi ne mai yaɗa cututtukan cikungunya da zika. Abin da ya canja shi ne yawan cutar da kuma fara gwada ta.

A ƙarshen shekarar 2023 NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, ta tabbatar da ɓullar dengi a jiharku: mutum 71 da ake zargi, 13 da gwaji ya tabbatar, babu wanda ya rasu, a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. Kada adadin ya ruɗe ki. Waɗannan su ne waɗanda aka ɗebi jininsu aka aika. A shekarar ce kuma Burkina Faso ta ga annobar da ba ta taɓa gani ba, fiye da mutum 150,000 da ake zargi, wajen 700 suka rasu, akasari a Wagadugu da Bobo Diyulaso. A watan Agustan shekarar Chadi ta ayyana ɓarkewar dengi karon farko a Abeshe, garin da a 2020 cikungunya ta kwantar da fiye da mutum 30,000. Nijar ta tabbatar da mutum na farko a Yamai a watan Agustan 2022, matafiyi ne da ya dawo daga Kuba. Sudan ta daɗe tana fama a Kasala da Gadarif. Ki dubi waɗannan garuruwa, yanayinsu irin namu ne: zafi, gajeriyar damina, ƙarancin ruwan famfo, da gidaje cike da randuna da jarkoki. Wannan ya rushe tunanin da muka tashi da shi cewa dengi cutar ƙasashen Asiya masu yawan ruwan sama ce. Gemun maƙwabci ya riga ya kama da wuta.

A duniya ma hawa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum fiye da miliyan 6 a 2023, sai ga fiye da miliyan 14 a 2024, Barazil kaɗai ta ba da sama da miliyan 6.

Ta ina ya tsallake gidan sauro

Bai tsallake ba, Malama. Lokacin da yake cizo kun riga kun naɗe gidan sauron. Sauron maleriya ɗan dare ne, yana jiran mutum ya kwanta. Wannan kuwa da hantsi yake fitowa, sa'o'i biyu zuwa uku bayan fitowar rana, ya kuma dawo da la'asar sakaliya zuwa magariba. Ƙarami ne, baƙi, da fararen zane a ƙafafunsa kamar an ɗiga masa alli. Ba shi da yawan kuka a kunne, ya fi kai hari idon sawu da bayan gwiwar hannu, kuma matsoraci ne: da mutum ya motsa sai ya tashi ya sauka kan na kusa. Shi ya sa macen sauro guda za ta iya cizon mutum uku ko huɗu kafin ta ƙoshi, shi ya sa kuma cutar ke kama 'yan gida ɗaya a jere. Ke da kike malama, ki tuna ƙafafun ɗalibanki a ƙarƙashin benci da ƙarfe takwas na safe.

Tafiyar cutar haka take. Sauro ya ciji mai zazzaɓi a kwanakin farko na ciwonsa, ƙwayar ta yi kwana 8 zuwa 12 a jikin sauron kafin ta isa yawunsa, daga nan har ya mutu yana yaɗa ta. Wanda ya ciza kuma sai bayan kwana 4 zuwa 10 zai fara jin jiki. Mutane da yawa ma ba sa jin komai, ko su ji ɗan masassara su wuce, amma sauro na iya ɗauka daga jininsu. Shi sauron ba ya nisa, yawanci rayuwarsa duka ba ta wuce 'yan mita ɗari kaɗan daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Mutum ne ke kai cutar daga Wagadugu zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni zuwa Illela, a cikin jininsa, a motar haya. Sauron da ya ciji ɗanki kuwa, mai yiwuwa ne a gidanku ko gidan maƙwabta aka haife shi.

A nan ne mutane suka fi yi mini gardama. Da an ce sauro, sai kowa ya nuna kwata da lambatu. To wannan sauron bai damu da ruwan kwata ba, na kwata wani iri ne daban, mai damun mutane da kuka da dare. Namu ruwa mai tsabta yake so, wanda ke zaune a cikin mazubi: randa, duro, jarkar da aka yanke wa baki, tankin da murfinsa ya ɓata, kaskon ruwan kaji da na tantabaru, tsohuwar taya, gwangwani, ledar ruwa da aka yar, har da ɗan farantin da ke tara ruwa a bayan firji. Macen ba ta zuba ƙwai a kan ruwa. A jikin bangon mazubin take manna su, sama kaɗan da inda ruwan ya tsaya. Ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni, rani ya zo ya wuce yana nan, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai tashi. Saboda haka zubar da ruwan randa a sake cikawa bai wadatar ba. Sai an dirje cikinta da soso ko burushi, ko da sau ɗaya a mako.

Na taɓa bin ma'aikatan lafiya zagayen gidaje a wata unguwa da zazzaɓi ya yi yawa. Muka shiga gidan wata dattijuwa, tsakar gida fes, ko tsinke babu, har ta ji haushin zuwanmu. Na roƙe ta in leƙa babbar randar da ke ƙarƙashin bishiya. Da na haska tocila, ga tsutsotsin sauro suna ta wutsil-wutsil. Ta ce ai wannan ruwan na ajiya ne, don ranar da 'yan garuwa ba su zo ba. Ban iya ce mata ta zubar ba, domin da kuɗinta ta saya. Muka tace shi da ƙyalle zuwa wani mazubi, aka dirje randar, aka ɗaure bakinta da yankin tsohon gidan sauro. A bakin layin kuma akwai mai faci da rabin taya cike da ruwan da yake gwada tub, ga tarin tsofaffin tayoyi a bayansa, kowace da ruwan sama a cikinta. Tayar nan ba ƙaramin abu ba ce. Cinikin tsofaffin tayoyi ne ya yaɗa ɗan'uwan wannan sauro na Asiya, Aedes albopictus, zuwa nahiyoyi da dama, kuma tun 1991 aka gan shi a Jihar Delta.

Ranar da zazzaɓi ya sauka

Yawancin masu dengi suna warkewa a gida cikin mako guda, sai dai kasala ta bi su na ɗan lokaci. Babu maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da ake yi shi ne a riƙe jiki da ruwa har ya gama yaƙinsa: ruwan gishiri da sukari, kunu, koko, romo, ruwan lemo, a tabbatar mutum na yin fitsari aƙalla duk sa'a shida. Ina hana zoɓo da baƙin lemon kwalba a kwanakin, domin in aka yi amai ba za a bambance su da jini ba. Maganin zafin jiki kuwa farasitamol kaɗai, babba kada ya wuce giram 4 a yini. Asfirin da ibuprofen da diclofenac, da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, duk a guje su, domin suna ƙara haɗarin zubar jini a cutar da dama tana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini.

Ga abin da nake so kowace uwa ta riƙe. A maleriya saukar zazzaɓi albishir ne. A dengi kuwa, tsakanin kwana na uku da na bakwai, daidai lokacin da jiki ya yi sanyi, a nan ne wasu ƙalilan ke shiga haɗari. Jijiyoyin jini sukan fara yoyo, ruwan jini ya tsiyaye zuwa ciki da ƙirji, jinin ya yi kauri, ƙarfin bugunsa ya faɗi. Wannan yanayi sa'a 24 zuwa 48 yake ɗauka. Alamunsa su ne ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, hannu da ƙafa su yi sanyi, mutum ya yi lis ko ya kasa zama wuri ɗaya. Ko ɗaya aka gani, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Na karɓi wani saurayi da 'yan'uwansa suka ce jiya har ya tashi ya yi wanka, sun ɗauka ya warke. An yi masa allurar ciwon jiki sau uku a unguwa. Da ƙarin ruwa da aka auna sa'a bayan sa'a, da duba kaurin jininsa a kai a kai, Allah ya tashe shi a kwana na uku. Ba wata na'ura mai tsada aka sa masa ba. Inda ma'aikata suka san wannan aiki, mace-macen dengi ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Aunawar ce gwanintar, domin ruwan in ya yi yawa shi ma yana cika huhu.

Akwai wani abu da ya shafi ɗanki kai tsaye. Dengi iri huɗu ne. Wanda ya yi iri ɗaya ya samu kariya daga gare shi, amma in wani irin ya same shi daga baya, haɗarin ciwo mai tsanani ya fi na karon farko. Wannan ne dalilin da ya sa garin da cutar ta daɗe tana yawo a ɓoye da sunan maleriya yakan wayi gari da asibitoci cike ranar da sabon iri ya shigo.

An shirya kuwa?

A takarda akwai tsari, kuma ba na raina shi. NCDC ta samu dokar kafuwarta a 2018, tana da babban ɗakin gwaji a Gaduwa, Abuja. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka wanda aikinsa shi ne karɓar rahoto daga asibitoci ya tura sama. Akwai cibiyar binciken irin waɗannan cututtuka da ƙwarin da ke yaɗa su a Inugu, Nijar tana da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, ga cibiyar Pasteur ta Dakar da ke tabbatar da gwaje-gwajen yankin. Cewa an gano ta Sakkwato a 2023 ma shaida ce tsarin na motsi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk wannan gini a kan mutum ɗaya yake tsaye, ma'aikacin ƙaramin asibiti ko mai kemis da ya fara ganin majinyaci. In bai yi zargi ba, babu jinin da za a ɗiba, babu rahoto, Abuja ba za ta ji komai ba. Akwai gwajin gaggawa na dengi mai kama da na maleriya, ana ce masa NS1, yana aiki a kwana biyar na farko, bayan haka sai a koma gwajin garkuwar jiki. Da wuya ki same shi a asibitin unguwa, inda yake kuma da kuɗi. A ganina in da za a ba ni zaɓin abu ɗaya, ba zan fara da sayen motocin feshi ba. Zan sa doka mai sauƙi a kowane ƙaramin asibiti: duk makon da masu zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba suka ƙaru fiye da yadda aka saba, a kira jami'in sa ido, a ɗebi jinin mutum biyar ko goma. Littafin rajista da biro da waya kawai wannan ke buƙata.

Feshin da ake yi da mota a kan titi yana da farin jini saboda ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa. Amfaninsa kaɗan ne. Sauron yana cikin ɗaki, bayan labule da ƙarƙashin gado da cikin kayan da aka rataye, hayaƙin bai isa gare shi ba, bai kuma taɓa ƙwai da tsutsar da ke randa ba. Bayan mako guda sabbi sun tashi. Ga shi a wurare da dama sauron ya fara jure magungunan da aka saba fesawa. Feshin cikin gidaje a lokacin annoba yana da gurbinsa, amma in shi kaɗai ne, ihu ne bayan hari. Aikin da ya taɓa cin nasara tsohon aiki ne. A Habana ta ƙasar Kuba a 1901, bayan an tabbatar da hasashen likita Carlos Finlay cewa sauro ke yaɗa shawara, likitan sojan Amurka William Gorgas ya bi gida gida yana rufe mazuban ruwa, cikin watanni cutar ta ɗauke. Barazil ta bi wannan hanya har aka ayyana ta kawar da sauron a 1958, da aka saki aikin ya dawo. Iyayenmu sun san irin wannan aiki da sunan duba-gari, mutumin da ke shiga gida ya buɗe randa ya leƙa. An tsane shi saboda tara da cin mutunci, amma abin da yake nema a randar shi ne wannan tsutsa. Yau in za a farfaɗo da shi, sai a bi ta hannun masu unguwanni da limamai da matan da ke shiga gidaje aikin rigakafi, waɗanda an riga an saba da su, ba da sanda ba.

Ina kuma sane da iyakar wannan shawara. Muddin famfo ba ya kawo ruwa, dole mutane su tara, kuma gida ɗaya da ya gyara a cikin gidaje ashirin da ba su gyara ba bai tsira ba. Maganar dengi a garuruwanmu rabinta maganar hukumar ruwa ce da masu kwashe shara, likita ba shi da iko a kansu.

Batun allurar rigakafi, sai a rarrabe. Ta cutar shawara tana nan, kyauta, sau ɗaya tak ta isa har ƙarshen rai, ana yi wa yaro a wata tara. Kada a yi wasa da ita, domin sauron ɗaya ne kuma shawara ta fi kisa nesa ba kusa ba. Ta dawo Najeriya a 2017 ta Jihar Kwara, a 2019 kuma ta ɓarke a Alƙaleri ta Jihar Bauchi, har ta kama baƙin da suka je yawon buɗe ido Yankari. Ta dengi kuwa da sauran tafiya. Ta farko, Dengvaxia, ta jawo rikici a Filifin a 2017 da aka gano tana iya ƙara haɗari ga yaron da bai taɓa yin cutar ba. Ta biyu, Qdenga, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a 2024, ta kuma ba da shawarar a yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi katutu. Ƙasa ba za ta iya nuna cewa ta yi katutu ba sai tana ƙirga masu ita, kin ga mun sake komowa kan gwaji. Akwai kuma dabarar sakin sauron da aka sa wa wata ƙwaya mai suna Wolbachia, wadda ke hana dengi girma a jikinsa. A birnin Yogyakarta na Indonesiya ta rage kamuwa da kashi 77 cikin ɗari. Abin sha'awa ne, amma ba abin da za ki jira ba ne a daminar bana.

Gidan sauronku kuma kada ku ajiye shi. Maleriya na nan, ita ce har yanzu ta fi kashe yaranmu, kuma mutum na iya ɗaukar cututtukan biyu a lokaci guda, don haka duk zazzaɓi a fara da gwajinta. Ƙari kawai za ku yi: jariri mai barcin rana a sa shi ciki, mai zazzaɓi ma ya kwanta ciki dare da rana na mako guda don kada sauron gida ya ɗauka daga jikinsa ya raba wa sauran. Yara su sa dogon wando da safa zuwa makaranta a watannin ƙarshen damina. Ki zaɓi rana ɗaya a mako ta dirje randuna da kifar da duk abin da ke tara ruwa, ki ja matan layinku ku yi rana ɗaya. A makaranta ki sa ɗalibai su zagaya bayan azuzuwa da wajen randunan sha da tankin alwala, sun fi mu ido.

Shi kuwa yaro, tunda ya warke babu maganin da ya rage a ba shi. Gwajin NS1 ba zai nuna komai ba yanzu, na garkuwar jiki kuma yakan rikice da allurar shawara, saboda haka ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa ba. Ki dai rubuta watan da ya yi ciwon da alamun da kika gani ki adana. Duk ranar da ya sake yin zazzaɓi irin wannan, ki faɗa wa likita tun a zaman farko cewa ana zargin ya taɓa yin dengi, ki nemi a duba ƙwayoyin jininsa a kwana na uku, a kuma sake dubawa ranar da zazzaɓin ya sauka. In yaran layin suka sake kwantawa a jere, ki je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ki nemi jami'in sa ido kan cututtuka, ko ki kira 6232, layin NCDC ne kuma kyauta ne.